Sabuwar Tsutsar Dokta Audu

Shekara talatin da biyu na yi a ɗakin gwaji, kuma yawancin ranakun sun cakuɗe sun zama abu ɗaya a kaina: farar riga, warin sinadari, kashin tumaki. Amma har gobe ba zan manta da Litinin ɗin da Dokta Audu ya shigo mana da kyamara rataye a wuya ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamaninmu, wannan za ku samu.

A tsakiyar shekarun dubu biyu ne, ina babban ma'aikacin ɗakin gwaji a wani sashe da ke binciken cututtukan dabbobi, nan Samaru. Ga wanda bai san tsarin ba, a irin wannan wuri layi biyu ne. Akwai malamai masu bincike, su ke da ofis mai labule, su ke sa suna a kan takarda. Sai mu ma'aikatan gwaji, mu ke wanke kwalabe, mu haɗa sinadari, mu saita na'ura, mu nemo abin da za a rubuta a takardar. Idan aiki ya yi kyau, sai a ce ilimi ne. Idan ya lalace, sakacin ma'aikata ne. An daɗe da yin wannan rabon, kuma ba a gayyace mu wurin rabon ba.

A lokacin Dokta Audu yana duba wata ɗalibar digiri na biyu, Madam Ngozi. Malamar sakandare ce a Sabon Gari, can aka haife ta, kuma Hausarta ta fi tawa daɗi, ni da na taso daga kudancin Kaduna. Karatun shekara biyu ne, amma tana cikin ta huɗu, ga yara uku a gida. An riga an rubuto mata cewa wannan zangon shi ne na ƙarshe: ko ta kare kundinta a gaban mai jarrabawa, ko a soke sunanta. Aikinta a kan tsutsar cikin tumaki ne. Da sassafe take hawa acaɓa ta nufi garken mutane a Bomo da Basawa, ta dawo da ƙananan ledoji cike da abin da tumaki suka bari.

Yadda ake aikin ba shi da wuya. A dama kashin da ruwan gishiri mai kauri, a tace, a cika ɗan bututu har baki, a ɗora siririn gilashi a kai. Ƙwan tsutsa ba shi da nauyi, sai ya taso ya manne a gilashin. A ɗauke shi a sa a ƙarƙashin madubin likita, wanda mu muke ce wa maikroskof. Da siffar ƙwan da girmansa ake gane irin tsutsar. Kafin zuwan kyamara, da fensir nake zana wa ɗalibai abin da muka gani, kuma ba wanda ya taɓa faɗuwa saboda zanena.

To, Dokta ya je taro ƙasar waje ya dawo da kyamara irin ta zamani, mara fim, mai ɗan allo a baya. Wayoyinmu na lokacin kira kawai suka iya. Ya tara mu, ni da Madam Ngozi, ya ce, "Ishaya, daga yau ka ajiye fensir. Zamanin zane-zanen firamare ya wuce."

Na ce, "To, yallaɓai."

Ya cire tabaransa mai kauri kamar gindin kwalba, ya leƙa maikroskof, ya murɗa har ya gamsu. Ya kafa bakin kyamara a inda ake ɗora ido, ya danna. Fitilar kyamara ta walƙa. Muka leƙa allo, fari fat, kamar an ɗauki hoton bangon asibiti. Ya kashe fitilar ya sake. Wannan karon baƙi ƙirin, sai wani ɗan haske can tsakiya kamar an leƙa rijiya. A na uku aka samu wani abu mai ruwan ƙasa, dishi-dishi, wanda zai iya zama ƙwan tsutsa, zai iya zama ƙosai.

Dokta ya mayar da tabaransa ya dube ni. "Yaushe rabon da a goge gilasan nan?"

"Yau da safe, yallaɓai."

"Da me?"

"Da abin da muke gogewa shekara ashirin."

"Ka ji matsalar," in ji shi. Ya nuna mini wata alama a jikin kyamarar mai siffar fure. Ya ce wannan ita ce ta ɗaukar ƙananan abubuwa, kuma tunda babu abin da ya kai ƙwan tsutsa ƙanƙanta, kada in kuskura in gusa daga kanta. Ya ba ni kwana biyu in kawo masa hotuna, ya koma ofis ya ci gaba da ilimi.

Kwana biyun nan na ɗauki hoto har yatsana ya yi sanyi. In na leƙa da idona, ga ƙwai nan tar, har ana ganin ƙwayoyin da ke cikinsa. In na ɗora kyamara, sai bakinta ya riƙa shiga yana fita yana ƙara, kamar mai neman abin da ya faɗi a duhu, ta ƙare ta ba ni ƙosai. In na yi sa'a saiti ya kusa, hannuna ya motsa. Ranar Alhamis da safe sakatariya ta miƙo mini ambulan tana kallon gefe. Takardar tuhuma ce. An ba ni awa ashirin da huɗu in bayyana dalilin da zai hana a hukunta ni saboda ƙin ba sabuwar fasaha haɗin kai. A lokacin sunana yana gaban kwamitin ƙarin girma, kuma takarda irin wannan a fayil ta isa ta sa a ce ka dawo baɗi.

Madam Ngozi ta karanta, ta ninke ta mayar mini. Ta ce, "Malam Ishaya, in an tashi ka raka ni wurin babana."

"Babanki likitan dabbobi ne?"

"Mai hoto ne."

Muka hau bas zuwa Sabon Gari. Shagon babanta, Baba Sunday, yana wani lungu kusa da kasuwa, tsakanin mai gyaran famfo da mai sayar da zaren ɗinki. Bangon cike yake da amare, da mawaƙan coci, da sojoji masu ɗaure fuska. Dattijo ne siriri, ya fi shekara arba'in yana sana'ar. Ya saurare ni har na gama, yana jujjuya kyamarar a hannu, sannan ya tambaye ni faɗin bakin maikroskof ɗin. Na gwada masa da yatsu. Ya ce mu kawo na'urar. Na yi masa bayani cewa fitar da maikroskof daga sashe yana buƙatar sa hannun mutum uku, ɗaya yana hutu, ɗaya yana taro, na ukun kuma shi ne ya ba ni takardar tuhuma.

Ya ce, "To, ni fitar da ni daga shago ba ya buƙatar sa hannun kowa. Gobe ina zuwa."

Ya zo da hantsi, sanye da rigarsa ta zuwa coci, riƙe da ƙafa-uku ta ɗora kyamara da wani guntun bututun ruwa na roba da maƙwabcinsa mai famfo ya yanka masa. Bai taɓa leƙa maikroskof ba a rayuwarsa. Da na saita masa ya ɗora ido, ya daɗe bai ɗago ba. Sai ya ce, "Ngozi, wannan ne abin da kike bi gida-gida kina kwasa shekara huɗu?"

Ta ce, "Shi ne, Papa."

Ya sake leƙawa. "Ashe yana da kyau." Ita kuma ta juya ta shiga wanke kwalbar da na riga na wanke.

Abu na farko da ya yi shi ne ya gusar da kyamarar daga alamar fure ya kai ta kan alamar dutse, wadda ake ɗaukar abu mai nisa da ita. Na ce, "Baba, Dokta ya hana. Ya ce abin ƙarami ne."

Ya ce, "Kyamara ta san ƙarami ne? Ita abin da gilashin nan ya miƙo mata take gani, shi kuwa yana miƙo shi ne kamar daga nesa. Na taɓa ɗaukar hoto ta cikin madubin hangen nesa na wani soja a Basawa, haka ta yi mini sai da na gane. In ka bar ta a fure, nema za ta yi ta yi a bakin hancinta, abin kuwa ba ya nan."

Na biyu, ya hana ni saita da idona. Ya ce ido yana yi wa mai shi alfarma: in saiti ya ɗan kauce, ido zai gyara da kansa bai gaya maka ba, kyamara kuwa ba ta yi wa kowa alfarma. Balle wanda ya cire tabarau ya saita, wannan ya saita wa kansa ne shi kaɗai a duniya. Don haka a kafe kyamara a kan dutse, a riƙa kallon allonta, a murɗa ƙaramin abin saitin maikroskof a hankali har hoto ya fito.

Sai bututun. Ya naɗa robar tayar keke a cikinsa, ya zura shi a bakin maikroskof, ya zura bakin kyamara ta ɗaya gefen, ya tallafe ta da ƙafa-uku. Ya riƙa matso da ita yana ja da baya kaɗan-kaɗan har baƙin da'irar nan ta buɗe, ya ɗan jawo hoton har haske ya cika allo, ya yi wa bututun alama da biro. Daga ƙarshe ya kunna agogon kyamara, wanda ake dannawa a ruga a shiga layi a hoton biki. Ya danna, ya ce kowa ya ɗauke hannunsa daga tebur. Muka tsaya mu uku kamar masu jiran sakamakon asibiti.

Hoton da ya fito, ni kaina da na shekara ashirin ina kallon ƙwan nan sai da na ce kai. Ga ɓawonsa siriri, ga ƙwayoyin ciki ɗaya-ɗaya kamar an jera su da hannu. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba. Baba Sunday ya sha ruwa, ya ce yana da masu fasfo suna jiransa, ya bar mana ƙafa-ukun aro ya tafi.

Da na kai wa Dokta hotunan a madadin amsar tuhuma, ya dube su ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ka gani? Da ma na san matsi kaɗan kake buƙata." Ya sa sakatariya ta cire takardar daga fayil, na gode masa. A rahoton wata kuma aka rubuta cewa sashe ya ƙera na'urar haɗa kyamara da maikroskof a ƙarƙashin jagorancin Dokta. Mai famfon Sabon Gari bai san ya zama sashe ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ba ku labarin ba.

Dokta ya kamu da son kyamarar. Ya gano maɓallin da ke jawo hoto, kuma a ganinsa duk abin da ya fi girma ya fi ilimi. Sai ya danne shi har ƙarshe. Akwai iyakar da in an wuce ta, hoto girma kawai yake ƙarawa, ba ya ƙara nuna komai, kamar a hura balan-balan mai rubutu. Na faɗa masa haka sau ɗaya, ya ce in bar masa ɓangaren tunani. Ya ɗauki ƙwayayen da Madam Ngozi ta samo daga wani garke a Bomo, ya kai wani shagon kwamfuta a bakin titin Samaru, aka buga masa kowane hoto cike da shafi.

Bayan kwana uku ya kira mu ofis. Ya baza hotunan a tebur, ga rula ga kalkuleta, fuskarsa kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ya ce mu zauna, abin da bai taɓa cewa ba.

Ya ce, "Ku bi ni a hankali. Gilashin sama yana ƙara girma sau goma. Na ƙasa sau arba'in. Goma sau arba'in?"

"Ɗari huɗu, Sa," in ji Madam Ngozi.

"Madalla. Na auna ƙwan nan a takarda, santimita tara da rabi. In ka raba da ɗari huɗu, tsawonsa na gaskiya ya kusa maikiron ɗari biyu da arba'in." Maikiron, ga wanda bai sani ba, shi ne milimita ɗaya a raba ta gida dubu. "Irin wannan ƙwai a littafi nawa ne, Ishaya?"

"Wajen tamanin, yallaɓai."

"Tamanin! Wannan kuwa ninki uku. Siffa iri ɗaya, girma ninki uku. Na duba littattafai kaf, babu shi. Madam, tumakin Bomo suna ɗauke da tsutsar da duniya ba ta taɓa gani ba."

Har suna ya raɗa mata. Ya rubuta mana a takarda da harshen Latin, kalma ta biyu sunansa ne da ɗan wasali manne a wutsiya. Ya umarci Madam Ngozi ta sake rubuta babi na huɗu gaba ɗaya a kan wannan gagarumin bincike.

Ta ce, "Sa, amma ni a ido, ƙwan nan daidai yake da wanda muke gani kullum."

Ya ce, "A ido. Shi ya sa aka ƙirƙiro lissafi, Madam, don a huta da ido. Ke ce ke duba ni, ko ni ke duba ki?"

Ni ban ce komai ba, kuma ba na alfahari da hakan. Mutumin da takardar tuhuma ta fita daga fayil ɗinsa mako ɗaya da ya wuce ba ya saurin buɗe baki.

Muka koma ɗakin gwaji. Ta zauna a kan doguwar kujera ba ta ko ajiye jaka ba. Saura mako uku mai jarrabawa ta iso, wata tsohuwar farfesa daga wata jami'a, wadda aka ce ta ƙare rayuwarta a kan tsutsar ciki, kuma ba ta dariya a wurin aiki. Madam Ngozi ta ce, "Malam Ishaya, in na rubuta abin nan, matar nan za ta yaga ni a gaban jama'a. In na ƙi, Dokta ba zai sa hannu ba. Ta kowace hanya na tafi. Me zan gaya wa Papa? Me zan gaya wa yarana, da na shekara huɗu ina barinsu da asuba?"

Na ce ta ba ni zuwa gobe.

A can ƙasan kabad ɗina akwai wani ɗan akwatin katako da na gada daga wanda na karɓi aiki a hannunsa. A ciki akwai gilashi irin wanda muke ɗora samfur, amma shi rula ce aka zana a tsakiyarsa, ƙarama har ido ba ya ganinta sosai: milimita ɗaya an raba ta gida ɗari, kowane gida maikiron goma. Na ɗora ta a maikroskof. Ban taɓa saitin kyamara ba, na bar ta yadda Dokta ya bar ta, a jawe har ƙarshe. Na ɗauki hoton rular, na kai shagon da ya kai nasa, na ce a buga mini cike da shafi kamar na Dokta. Da na dawo na jera hoton ƙwai a kan hoton rula, ƙwan ya ci gida takwas cif. Tamanin. Tsutsarmu ce ta kullum, wadda kakannin tumakin Bomo suka sani.

Gano gaskiya bai ɗauke ni awa biyu ba. Yadda zan kai ta ofis ne ya cinye mini sauran yinin. In na faɗa a gaban ɗaliba, ya zama raini. In na rubuta, ya zama hujja a fayil, kuma ba fayil ɗinsa ba. In na kai wa shugaban sashe, na yi ƙarar maigidana, kuma ko na yi nasara, hannun da zai sa wa Madam Ngozi a kundi ya bushe.

Washegari na jira ya sha shayinsa, na ƙwanƙwasa, na shiga na rufe ƙofa. Na ce, "Yallaɓai, wata matsala ce ta fi ƙarfina, na ce bari in kawo wa masu ilimi. Ina jin rular sashe ta lalace."

"Rula kuma? Yaya rula za ta lalace?"

Na ajiye masa hoton. Na ce na ɗauka ne da saitinsa, a shagonsa, don in koyi lissafin nan nasa, amma amsar tana ƙi mini. Ya ja tsaki irin na mai haƙuri da jahilai, ya ɗauki rularsa ya auna gida ɗaya. Milimita goma sha biyu. Ya danna kalkuleta, ya raba da ɗari huɗu.

"Talatin," in ji shi.

"Haka ni ma na samu, yallaɓai. Amma a jikin gilashin an rubuta goma. Ta kumbura ninki uku ke nan. Na ce ko damina ce."

Ya sake dannawa. Ya sake. Ya jawo hoton ƙwansa daga aljihun tebur, ya ɗora a kan nawa, ya ƙirga gidajen da bakin biro, leɓensa yana motsi. Da ya kai takwas sai ya tsaya. Fankar ofis tana ta juyawa, ni kuma na ƙura wa kalandar bango ido kamar ban taɓa ganin wata mai kwana talatin ba.

Can ya ce, "Wa ya ga wannan?"

"Ni da mai shagon kwamfuta. Shi ya ɗauka hoton matsefi ne."

Ya miƙa hannu cikin tiren wasiƙun da masinja zai kai gidan waya, ya zaro wata ambulan mai kauri, da kan sarki a manne, da adireshin wata mujallar kimiyya ta ƙasar waje. Ya dube ta, ya jefa a aljihun tebur ya murɗa makulli. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Me ya sa ba ka faɗa tun ranar ba?"

"Ranar ba ka tambaye ni ba, yallaɓai."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce in zauna in yi masa bayani. Na ce ɗari huɗun nan na ido ne kawai, lokacin da mutum ya leƙa. Da zarar kyamara ta shiga, ta ƙara nata, mai buga takarda ya ƙara nasa, kuma hoto ɗaya in an buga shi a katin fasfo da kuma a allon talla, ba za a ce duka sau ɗari huɗu ba ne. Maganin shi ne duk saitin da aka ɗauki ƙwai da shi, a ɗauki rula da shi, sannan a ja ɗan gajeren layi a gindin hoton a rubuta tsawonsa. In hoto ya girma, layin ya girma tare da shi, ba mai ruɗuwa.

Da na gama ya ce, "Ka gaya wa Madam ta bar babi na huɗu yadda yake. Na sake nazari."

Na ce, "Allah ya ƙara basira, yallaɓai."

Mako na gaba akwai taron ƙara wa juna sani na sashe. Dokta ya miƙe ya yi jawabin minti arba'in a kan haɗarin auna abu daga hoto. Ya zana goma sau arba'in a allo ya soke shi da jan alli. Ya ce wannan kuskure ne da ake yawan samu, musamman a wajen ƙananan ma'aikata da ba su da zurfin karatu, ya waiwayo inda nake cikin tausayawa. Na gyaɗa kai, na ma rubuta a littafina, don kada in sake.

Ranar jarrabawa ni ke kula da na'urar haska hoto a bango, don haka ina ciki. Farfesar nan ta yi ta juya shafukan kundin har ta kai hotuna. Ta ciro ƙaramar rula daga jakarta ta ɗora a kan ɗan layin da ke gindin hoto, ta ɗora a kan ƙwai, ta yi lissafi a gefen takarda. Na saci kallon Dokta, yana share gumi a ɗakin da ba zafi. Ta ɗago ta ce, "Daidai. Da me kika ɗauki waɗannan?"

Madam Ngozi ta ce, "Da ƙaramar kyamara da bututun famfo, Ma." Ta yi bayani tun daga alamar dutse har zuwa rula, ba ta yi tuntuɓe ba.

"Wa ya koya miki?"

"Babana, mai hoto ne a Sabon Gari. Da Malam Ishaya, ga shi can."

Farfesa ta juyo ta dube ni ta saman tabarau, ta ɗan sunkuyar da kai. Dokta ya yi gyaran murya ya ce, "A ƙarƙashin kulawata." Ta ce, "Babu shakka," ta juya shafi.

Madam Ngozi ta ci, da 'yan gyare-gyare na rubutu. Ranar Lahadi aka yi godiya a cocinsu, aka gayyace ni, Baba Sunday ya jera mu a bakin ƙofa ya ɗauke mu hoto, yana yi mini tsawa in daina motsi.

Abin da na koya a sana'a shi ne, mu aikinmu ƙara wa abu girma ne, don haka mu ya kamata mu fi kowa tsoron girma. In an nuna muku abu ƙato a takarda, kafin ku yi tafi ku tambayi rular da aka ɗauka tare da shi. A kan mutane kuma, na koyi cewa babba yana iya karɓar gaskiya, amma sai an rufe ƙofa, an ajiye ta a inda zai tsince ta da kansa. Kafin ka shiga, ka yanke abin da kake so: a san kai ne mai gaskiya, ko aikin ya gyaru. Ba kullum ake samun duka biyun ba, kuma kada wani ya ce muku ba ya ciwo.

In za a yi wa Dokta adalci, daga ranar bai sake sa hannu a kundin da hotonsa ba shi da ɗan layin nan ba. Ya kori ɗalibai da yawa daga ofis a kansa, kuma duk sun amfana. Har na yi ritaya, a sashen nan ana kiran layin sandar Dokta Audu, ni ma haka nake kiransa. Layi ya samu sunansa. Tsutsa dai ba ta samu ba, kuma ni wannan ya ishe ni.